Sunan da Sailuba Ba Ta Faɗa

Duk mai kama rediyo a ƙasar Hausa ya san muryar Hajiya Sailuba. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana karanta gaishe-gaishen masu sauraro a sashen Hausa na wani gidan rediyo da ke Washington, kuma har ta yi ritaya harshenta bai taɓa tuntuɓe a kan suna ba. Ɗan'azumi mai faci daga Tasawa, Lantana mai kitso daga Zangon Kumasi, har da irin mutanen nan da ke aiko da sunayen 'yan majalisarsu kaf saboda kada wani ya yi fushi, duk ta kira su ɗaya bayan ɗaya, da murya kamar ta san iyayensu. Suna ɗaya ne tak bai taɓa fita daga bakinta ba, wato na ɗan da ta haifa.

Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya yi saurin yanke hukunci. Mu'awiya ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Idrissa, mijinta, ya ci, kunya ta hau kan kunya ke nan. A gidan da Sailuba ta tashi a Yakasai, uwarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran babban yayansu da sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma babu wanda ya ce ba ta son sa. Sailuba ta bar abubuwa da yawa a Kano. Ta koyi tuƙi, ta koyi kankare ƙanƙara a gilashin mota, ta haƙura da tuwon garin kanti. Amma alkunya kam sai da ta naɗe ta a ƙasan akwati ta taho da ita Laurel, garin da suka zauna kusa da Washington.

A gida sunansa "kai", ko "wannan", in kuma ana hira da baƙi ya zama "yaron nan". A takardun makaranta tana rubuta sunan tsaf, don biro ba shi da kunya. A wurin aiki, in saƙon wani Mu'awiya ya faɗo hannunta, sai ta ce "mai sunan babanmu daga Gusau", masu sauraro su yi ta yaba tarbiyyarta.

Yaron ya girma ya zama injiniya, ya samu aiki a Seattle, can ƙarshen ƙasar inda in ka ƙara taku ɗaya sai teku. Kafin ya tafi sai aka neme shi aka rasa har mako guda, wayarsa a kashe. Ƙanwarsa Asma ce ta yi wa uwar bayani. Wai yana wani gida a bayan garin Manassas, yana yin wani abu na mutanen Japan da ake kira Naikan. Mutum zai zauna a kusurwar ɗaki a bayan shinge, ba waya, ba hira, ya ɗauki mutum ɗaya a rayuwarsa, yawanci uwa ake farawa da ita, ya yi ta juya tambaya uku a ransa: me na karɓa daga gare ta, me na ba ta, wace wahala na jawo mata.

"I'itikafi ne?" in ji Sailuba.

"A'a, Umma."

"Takaba ce, to?"

"Umma, self-reflection ne. Mutum ya duba kansa."

"Madubin gidan nan ya fashe ne? Ikon Allah. Da nake sa shi ya kalli bango kyauta yana ƙarami, cewa kuka yi zalunci ne, har malamarku ta kira ni makaranta. Yau shi ne da ƙafarsa ya je ya biya a sa shi a kusurwa."

Ta yi dariyarta ta ci gaba da yankan alayyahu. Da ta san abin da kusurwar nan za ta dafa mata, da ba ta yi dariyar da yawa haka ba.

Ranar Lahadi da la'asar ya dawo. Ya same ta a kicin, ya durƙusa, wanda abu ne mai kyau. Sai kuma ya ɗaga kai ya kalli tsakiyar idonta, wanda ba abu ne mai kyau ba. Da Hausarsa mai ɗingishi, inda ta gaza ya tallafe ta da Turanci, ya fara yi mata godiya. Ya gode da rigar sanyin da ta saya masa ita tana yawo da tsohuwa. Ya gode da kai shi Islamiyya a Beltsville duk Asabar bayan ta kwana a wurin aiki. Ya gode da kunun gyaɗa, da zaman asibiti lokacin da ciwon asma ya tasar masa, da wankin kayan ƙwallonsa masu warin da ko kare ba zai shinshina ba. Sailuba ta nemi ƙasa ta tsage ta shige, ƙasar Amurka kuwa siminti ce. Ɗan fari, gemai-gemai, yana lissafa wa uwarsa alherinta a gaban tukunya! A falo Idrissa, ɗan Maraɗi mai sirka Faransanci, ya rage ƙarar talabijin, ya ce "Bon," ya miƙe ƙafa yana sauraro kamar an sa masa wasan kwaikwayo.

"Kai, tashi, ya isa," ta ce, tana kallon albasa.

"Saura kaɗan, Umma. Saura wahalar da na ba ki."

Ya ce tana tuna lokacin da yana ɗan sakandare ya tura saƙo shirinta? Tana tunawa mana. Saƙon cewa ya yi, Mu'awiya Idrissa daga Laurel yana gaida mahaifiyarsa. Da ta zo kansa a kan iska sai ta ce, "Wani yaro daga nan kusa yana gaida iyayensa," ta wuce zuwa Damagaram.

"Na sa ki a tsaka mai wuya ranar," in ji shi. "Na san ba za ki iya ba, na yi don in gwada ki. Ki yafe min. Da duk lokutan da na tsare ki ina cewa ki faɗi sunana. Ba zan sake ba. It's okay, Umma. Kin yi aikinki, kin yi fiye da aikinki ma."

Ya miƙe yana murmushi, fuskarsa fes, ya ɗauki buhun shara ya fitar ba tare da an sa shi ba.

Aikinki. Kalmar nan ta kwana ta tashi da ita. Haka iyalan tsofaffi ke ce wa mata masu kula da iyayensu a gidajen Laurel ranar sallama, a haɗa musu da kati da fure. A da yaron nan yana buga ƙofa, yana ƙin cin abinci, yana tsayawa a bakin ɗakinta yana cewa da Turanci, "Wane ne ni? Faɗi!" Ta sha kai ƙararsa wurin ubansa a kan rashin kunya. Yanzu ga shi ya zama mai ladabi kamar ɗan haya. Sai a lokacin ta gane ta fi son buga ƙofar, don mai buga ƙofa yana son a buɗe ne. Wannan ya daina, kuma nan da 'yan kwanaki zai hau jirgi da yaƙinin cewa matar da ta haife shi ma'aikaciya ce mai ƙoƙari. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta fara magana a rediyo.

Da yake ba a saba ganin laifin kai da wuri ba, sai ta nemo mai laifi. Ta sa Asma ta tuƙa ta har bayan Manassas, ta je ta ga wadda ta lalata mata yaro.

Gidan tsohon gidan gona ne, mai kula da shi kuwa wata Baturiya ce mai furfura, Debbie, wadda ta yi zama a Japan ta dawo da sunkuyo. Ta sunkuya da ta buɗe ƙofa, ta sunkuya da ta karɓi takalmansu, ta sunkuya da Sailuba ta gama zazzaga mata Turancin rediyo mai tsabta a kan masu shiga tsakanin uwa da ɗa.

"Ba na maimaita abin da wani ya faɗa a nan," in ji Debbie. "Amma yau akwai kusurwar da ba kowa, in kina so ki ga abin da idonki."

Sailuba ta dubi Asma, Asma ta dubi silin. Mace da ta yi hira da ministoci ta sa su gumi, tambaya uku ce za ta gagare ta? Ta gyara mayafi ta ce a nuna mata wurin. Ta manta wanzami ba ya son jarfa.

Aka zaunar da ita a kan matashi, aka ja wani shinge na takarda mai naɗewa aka rufe ta. Gabanta bango ne fari, ko kalanda babu. Bayan wani lokaci Debbie ta zo ta durƙusa, ta sunkuya, ta buɗe shingen kaɗan.

"Wa kika yi tunani a kansa?"

"Ɗana."

"Yaya sunansa?"

"Kin fi ni sani, ke kika ajiye shi mako guda."

Daga nan Sailuba ta buɗe mata karatu. Ta bayyana mata alkunya tun daga tushe: cewa a wurinsu uwa ba ta tallan son ɗan fari, cewa girmama dangin miji ne, cewa wanda aka fi ji a rai shi aka fi kawar wa kai, cewa ba kowace al'umma ce ke lasar 'ya'yanta a bainar jama'a kamar kyanwa ba. Bayani ne da ya isa a sa a shirin al'adu a maimaita shi ranar Juma'a. Debbie ta saurara har ƙarshe, ta sunkuya.

"Na gode. Me kika karɓa daga gare shi?"

"Ciwon baya," in ji Sailuba. "Ina tambayar wahalar da shi ya ba ni? Nan nake da bayani."

"Babu ita a ciki. Wannan kowa da haddarsa yake zuwa daga gida."

Ta ja shingen ta tafi. Aka bar Hajiya da bango, da gwiwoyi masu ƙara, da wani ɗan kwano na ruwan zafi da ganye da aka ce wai miya ce. Ta yi tsaki ta fi a ƙirga. Ta tsara yadda za ta ba matan unguwa labarin nan su yi dariya har da hawaye. Da tunanin dariya ya zo, sai ya jawo mata wani labarin da ta saba bayarwa a gidajen suna.

Yaron yana ɗan shekara biyar ya ɓace mata a wani babban kanti a Laurel. Ta juya ta ɗauki man girki, ta waiwayo babu shi. Ta bi layi-layi da gudu, Asma jaririya tana zaune a cikin keken sayayya a gabanta. Ta buɗe baki ta yi kira, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Sai ta shiga ƙwala, "Asma! Asma!" Turawa suna kallonta, suna kallon jaririyar da ke gabanta, wata har ta nuna mata ita da yatsa a hankali, yadda ake yi wa mai taɓin hankali. Can sai ga shi ya fito daga cikin rigunan da aka rataye, ya ce, "Ga ni, Umma."

Kullum a nan mata ke fashewa da dariya, a ce kai, yaron nan da wayo yake. Yau a kusurwar Debbie babu mai dariya. Abin da ta gani kawai shi ne yaro ɗan shekara biyar da ya riga ya san cewa in uwarsa ta firgita tana kiran sunan wata, shi take nema.

Ta tuna yayanta a Yakasai. Gaskiya ne uwarsu ba ta kiran sunansa, amma kaka tana kira tun asuba, gwaggo tana kira, matan kawu suna kira, maƙwabta suna kira. A ɗakin kaka yake kwana, ita ke ɓoye masa ƙanzo. In ya yi ƙorafi, akwai tsohuwar da za ta ja kunnensa ta ce, kai wawa, duk gidan nan wa take so kamarka? Shirun uwarsu shiru ɗaya ne a cikin gida mai hayaniya. A Laurel fa? Babu kaka, babu gwaggo, maƙwabcinsu ko sunan karensu ba su sani ba. Uba yana aikin dare yana barcin rana. Ita kaɗai ce muryar gidan, ita ce kuma ta yi shiru. Ta ɗauko murfi ta baro tukunyar a Kano, ta yi shekaru tana mamakin abin da ya hana girki nuna.

Da Debbie ta dawo ta sunkuya ta sake tambayar me ta karɓa, Sailuba ba ta da karatu a wannan karon.

"Ya amsa," ta ce. "Duk abin da na kira shi da shi, ya amsa. Ko tari na yi, ya amsa."

Debbie ta sunkuya ta ce ta gode. Ko ta ɗan dafa kafaɗarta, matar nan ba ta yi ba. A mota Asma ta tambaya yaya ta gani, ta ce miyarsu ba gishiri.

Kwanakin da suka rage ta yi su tana atisaye. Mace da ta kira sunayen rabin Afirka ta Yamma ta koma tana rufe kanta a bayi tana buɗe famfo don kada a ji. "Mu," sai ta tsaya. "Mu'a," sai ta ji kamar uwarta na tsaye a bayanta. Wata rana da hantsi Idrissa ya same ta a cikin mota a gareji, injin a kashe, tana motsa baki ita kaɗai. Ya leƙo ta taga.

"Hajiya, sunan tsohona kike ta tauna haka?"

"Wa ya ce da kai?"

"Tsohon nan ya daɗe a kabari a Maraɗi. Ba zai kai ki ƙara ba, wallahi. In ma ya kai, ni ne shaida, zan ce ban ji ba. Voilà."

Ta ɗaga gilashin motar a fuskarsa.

Ranar tafiya Asma ce ta tuƙa su zuwa filin jirgin sama na wajen Baltimore. A hanya ya yi ta hira mai daɗi, yana tambayar Umma ko tana shan maganinta, yana cewa zai riƙa kira duk mako, irin alkawarin da ake yi wa tsohuwar malamar firamare. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu ta ce a rage sanyin mota. A wurin sauke matafiya ba a barin mota ta daɗe, ga wani jami'i da riga mai ruwan lemo yana busa usur kamar an ce masa gadon gidansu za a kwashe. Mu'awiya ya sauke akwatunansa, ya rungumi Asma, ya rusuna wa uwarsa daga nesa kaɗan, yadda ya san ta fi so, ya ce ta yi masa addu'a. Ta ce Allah ya tsare. Ya juya ya nufi ƙofar gilashi.

Ta ga bayansa yana nisa, da ɗan sanƙon da ya fara fito masa irin na ubansa. Ta riƙe murfin mota, ta cika ƙirji da iska kamar an kunna jar fitilar ɗakin watsa shiri.

"Mu'awiya!"

Sunan ya fita. Duka haruffan sun fita, sarai, har wani mai jan akwati ya waiwayo. Asma ta toshe baki da hannu. Shi kuwa mai sunan ko gezau bai yi ba, ya ci gaba da tafiyarsa. Kunnensa ya san sunan, ya san muryar, amma bai taɓa jin su tare ba, don haka bai ɗauka da shi ake ba. Ƙofar gilashin ta buɗe masa.

"Kai!" in ji Sailuba.

Nan take ya juyo. Ya bar akwati a bakin ƙofa ya dawo da sauri.

"Na'am, Umma? Na manta wani abu?"

Mai usur ya iso yana nuna mata hanya da hannu biyu. Ba ta kalle shi ba, ba ta kuma kalli ɗanta ba, don abin da ba a saba ba ba a yin sa duka rana ɗaya. Ta kafa ido a kan wata alamar hana ajiye mota, ta gyara murya, muryar nan da ake ji daga Agadas har Kumasi.

"Akwai wani saƙo da ya iso mana daga Laurel, ya ɗan daɗe a hanya, mai shi ya yi haƙuri. Mu'awiya Idrissa yana gaida mahaifiyarsa." Muryar ta ɗan karye, abin da ba ta taɓa yi a kan iska ba. "Ta ce tana amsawa. Ta ce tun ranar take amsawa."

Ƙaton injiniya ya tsaya a gefen titi baki buɗe, hawaye na bin gemunsa. Duk natsuwar da ya sayo a Manassas ta watse a wurin. Ya kama gefen mayafinta ya damƙe, yadda yake yi a kanti yana ƙarami.

"Sake faɗa, Umma."

"Ji min ɗan nema! Ba kai ka durƙusa a kicin ka ce ba za ka sake tambaya ba?"

"Na fasa."

Motocin baya suka dage da oda, mai usur ya ciro takardar tara yana neman biro. Sailuba ta ja mayafinta, bai saki ba, ita ma ba ta ja da ƙarfi ba.

"To goge idonka, mutane na kallo," ta ce. "Ka je ka ɗauko akwatinka kafin su ce bam ne, Mu'awiya."